Laimar da Ta Sauka a Gonar Mi Hadda

Ulad Hammu, 16 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Sharki,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka da sanyin ƙasar nan taku.

Kafin ka wuce gaba, karanta wannan layin sau biyu: ina raye, 'yarka Nuzha tana raye, ko ɗan yatsa ba wanda ya karye. Alhamdu lillahi! Zuhra ƙanwarka ta ce ka kira sau tara jiya. Ka san kunnena da waya, ina jin kana ihu amma ban san abin da kake faɗa ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Zuhra za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka.

Tun ranar da yarinyar nan ta karɓi lasin tuƙin jirgi take ce mini, "Ba Sidi, kakana, kai ne fasinjana na farko." Ranar Asabar da hantsi muka je filin ƙungiyar matuƙa da ke gindin dutse. Jirgin kujera biyu ne, bai fi motar mai madara tsawo ba. Ta ɗaure ni da bel tamau kamar buhun albasa. Sai ta nuna mini wani jan mariƙi a saman kanmu, ta zare wata 'yar ƙusa daga jikinsa ta jefa aljihu. Na ce mene ne wannan? Ta ce laima. Na shafa bayana, ban ji an goya mini komai ba. Ta yi dariya ta ce, "Ba taka ba ce, ta jirgin ce ɗungum. Tana naɗe a bayan kujerunmu. In aka ja wannan, roka za ta harba ta waje, ta riƙe mu da jirgin duka." Na ce to don me kika cire mata ƙusa? Ta ce, "Wanda ya tashi da ƙusar a ciki, daidai yake da wanda ba shi da laima. Kuma sauke hannunka, tsoho, na ga idonka a kai."

Sharki, na ga ƙasarmu daga sama! Na ga magudanar ruwa kamar zaren da aka miƙe, na ga jan barkonon da muka shanya a kan soro. Ina cikin nuna mata gidan liman sai injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Farfela ta tsaya cak a gabanmu.

Ban ji ta ɗaga murya ba. Ta taɓa nan, ta murɗa can, ta yi magana a rediyo, ta duba hagu ta duba dama. Ƙarƙashinmu ba komai sai zaitun da katangun dutse da wayoyin lantarki, ga masu girbi cike da gonaki. Sai ta ce, "Ba Sidi, haɗe ƙafafunka, rungume ƙirjinka, yi salati." Ta kama jan mariƙin da hannu biyu ta finciko.

Ƙara kamar bindigar biki. Aka fizge mu baya, hancin jirgin ya ɗaga, sai ga mu muna lilo kamar guga a rijiya. Na ɗaga kai na ga ƙyalle fari da ruwan lemo ya rufe sama. Muka yi ta sauka a hankali har ina ganin mutane suna jefar da sanduna suna gudu. Faɗuwar, ka ce mutum ya diro daga kan ɗaki. Rassa suka kakkarye, 'ya'yan zaitun suka yi ta zubo mana a gilashi kamar ƙanƙara.

Gonar Mi Hadda ce. Ita ta fara isowa, da sandar kaɗe zaitun a hannu. Ta leƙo ta gan ni a ɗaure, ta ce, "Ma'ati! Kai ne? Shekara saba'in da huɗu ba ka san ta ƙofa ake shigowa gonar mutane ba?" Daga nan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, matan kuma suka ɗauki guɗa.

Likita ya mammatsa ni, bai samu komai ba sai shatin bel a kafaɗa. Na ci burodi biyu da man zaitun a gabansa. Tun daga ranar duk wanda ya zo jaje sai na tare shi da dariya, har Zuhra tana cewa in rage, kada a ce na taɓu. Ba zan rage ba. Ka yi murna tare da ni.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Ma'ati

*

Torino, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga mahaifina mai daraja,

Wa alaikumus salam. Ina sumbatar hannunka da kanka, ina kuma gode wa Allah da ya bar mini ku.

Baba, ka gafarce ni, amma kana ba ni labari kamar wanda ya dawo daga biki. Bari in gaya maka yadda ni na ji. Ina zaune a shagon shayin da mutanen garinmu ke taruwa, ana miƙa waya hannu zuwa hannu ana dariya, wai jirgi ya sauka da laima a kan zaitun. Ni ma na kalla, ni ma na yi dariya. Sai wani ya dube ni ya ce, "Ashe ba 'yarka ce ke tuƙi a can ba?" Ban san yadda na kai gida ba. Ubana da 'yata a cikin akwati ɗaya suna reto a igiya.

Akwai wani a nan da surukinsa ke aiki a filin. Ya ce tsofaffin matuƙa suna cewa gwani ba ya jan laima, lallaɓa jirgin yake yi har ya sauke shi a kan titi ko fili. Wai tsoro ne ya kama ta, ta lalata jirgi mai lafiya. In haka ne, wanda tsoro ya kama sau ɗaya zai sake kama shi, wataƙila ranar da babu laimar.

Na binne mahaifiyarta, Baba. Ban yarda ta sake hawa jirgin nan ba. Na samar mata gurbi a ofishin kamfaninmu, zan zo ƙarshen Disamba mu taho tare. Abu ɗaya zai sa in sake tunani: hukuma ta rubuta da hatiminta cewa abin da ta yi shi ne daidai. Maganarka ba ta isa shaida ba, don tun tana rarrafe ba ka taɓa ganin laifinta ba.

Ka sa ni a addu'a.
Ɗanka mai biyayya, Sharki

*

Ulad Hammu, 21 ga Nuwamba

Baba,

Salam. Ina gaishe ka, ina neman albarkarka. Ba Sidi ya ba ni takardarka na karanta, kada ka ga laifinsa, ni na matsa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba tsoro ne ya ja mariƙin ba. Tun kafin mu tashi na yanke cewa in inji ya mutu kuma babu fili mai kyau a gabana, zan ja, ba zan tsaya shawara da kaina ba. Haka aka koya mana. Laimar tana son nisa daga ƙasa kafin ta buɗe, kowace daƙiƙa da mutum ya ɓata yana jin kunyar jirgi, daga nisan yake ci. Titin da ake magana a kai na gan shi. Akwai wayoyi a kansa, akwai kuma amalanke biyu.

Game da hatimin da kake so, ga inda aka tsaya. Mai bincike ya zo daga Rabat, ya riƙe lasina har ya gama, wannan ƙa'ida ce. Ya ce ba zai rufe rahoto ba sai ya ga laimar da igiyoyinta, don ya tabbatar yadda ta buɗe. To laimar ta ɓata. Ranar, iska ta cika ta tana jan jirgin, masu girbi suka yanke igiyoyin da lauje, kuma daidai suka yi. Aka ɗauke mu zuwa asibiti, jandarma suka tsare jirgin, ba wanda ya tuna da ƙyallen da ya faɗa bayan katanga. Shugaban ƙungiyarmu ya shiga ƙauye da jandarma biyu yana tambaya gida gida. Ka san abin da ya biyo baya. Ba wanda ya ga komai. Har da waɗanda ta sauka a kansu.

Ko an mayar mini da lasi ba zan tashi ba sai da yardarka. In ka zo ka ce in bi ka, zan bi ka. Ina dai so ka san ba haka raina yake so ba.

'Yarka, Nuzha

*

Ulad Hammu, 29 ga Nuwamba

Ɗana Sharki,

Assalamu alaikum. Ina fatan fushin ya ɗan sauka. Mu lafiya lau, sai dai yarinyar ba ta cin abinci sosai. Jiya jirgi ya wuce ta saman gida, na ga ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Ka ce shaidata ba ta isa ba. Na yarda. Don haka na tafi neman wadda za ta isa.

Ban sha wahalar gano laimar ba. Ranar Laraba na zagaya gonaki kamar mai miƙe ƙafa. A gonar Mi Hadda, shimfiɗar da ake tarar zaitun a kai, wadda da tsofaffin buhuna ce da aka harhaɗa, yanzu ruwan lemo ce, sai sheƙi take. A gonar ƙanenta fara ce. A gidan Rahma mai ɗinki, da ita aka rufe tulin barkono. Sun raba ta tsakaninsu ranar da abin ya faru, kuma ba wanda ya ɗauke ta sata. Ƙyalle ne ya sauko daga sama a tsakiyar girbi, ba ya yagewa, ruwa ba ya ratsa shi, ya kuma ceci rai biyu, wato akwai albarka a jikinsa.

Na zauna a gindin bishiya, Mi Hadda ta dafa shayi. Muna zaune a kan abin, Sharki! Na shafa shi na ce, "Shimfiɗar nan da kyau." Ta ce, "Ɗan 'yar'uwata ya aiko mini daga Sipaniya." Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ƙara da cewa, "Bishiya huɗu ka karya mini, tsohon banza, ka zo kana yaba shimfiɗa."

A hanyar gida na gane matsalar. Shugaban ƙungiyar nan ya ɓata abin da ya zo da jandarma. Sun riga sun ce ba su gani ba a gaban hukuma. Duk wanda ya fito da ita yanzu ya zama maƙaryaci kuma ɓarawo a rana ɗaya. Ko yanka su za a yi ba za su fito da ita ba.

Sai na yanka rago ranar Juma'a na yi sadakar godiya, wadda da ma tana kaina. Kwano goma sha biyu na kuskus, maza a zaure, mata a tsakar gida, na bar ƙofa a buɗe don su ji. Bayan liman ya yi addu'a na miƙe na ce, "Jama'a, ku yafe wa tsoho. Ranar da muka faɗo kaina ya juye. Na tuna wasu sun ce in ara musu ƙyallen nan su ƙarasa girbi, na ce su ɗauka. Yanzu na manta wa da wa na ara wa. Masu shi suna nema, kuma in ba a samu ba jikata ba za ta sake tashi ba."

Liman ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar yana ƙirga azara. Can daga tsakar gida sai muryar Mi Hadda: "Au, aron nan? Ai da ka yi magana tun tuni!"

Na nemi gafarar Allah kan wannan ƙarya, liman kuma ya ce in ƙara da azumin kwana ɗaya. Yanzu jira nake. Yau kwana biyu ba abin da ya zo.

Allah ya tsare ka.
Mahaifinka, Ma'ati

*

Ulad Hammu, 11 ga Disamba

Ɗana Sharki,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu!

Kwana shida ba su kawo laimar ba. Mai binciken ya dawo daga Rabat, saurayi ne mai tabarau, mai ladabi, ya zauna a zaurena yana duba agogo. Na cika shi da shayi har na ji kunya. Nuzha tana tsaye a bakin ƙofa. Yana shirin tashi sai muka ji guɗa.

Mata goma sha ɗaya, Mi Hadda a gaba, Buzakri mai rijiya a baya yana jan alfadarinsa da ƙunshi a kai. Aka sauke a tsakar gida aka warware. Sharki, laifina ne, ni na ce aro ne. Ka san ba a mayar da aro da datti, ba a mayar da shi a yage, ba a kuma mayar da shi hannu wofi. Sun yi gayya a gidan Rahma. Sun wanke ta tas da sabulu har sau biyu, sun haɗa gunduwa goma sha bakwai da keken ɗinki, sun yi mata kalmasa. Wuri ɗaya da ya rage, wanda aka kai wa wata mai ciki a Kazablanka ta ɗaura don albarka, sun cike shi da yadi mai furanni. A ciki kuma ga curin sukari biyu da tulun mai.

Yaron nan ya cire tabarau ya dafe kai. Ya ce, "Hajja, wa ya ce ku wanke?"

Mi Hadda ta ce, "Ɗana, a gidanku da datti kuke mayar da kayan mutane?"

Ya ce shi dattin yake nema. Baƙin hayaƙin roka, da inda zare ya ja, da inda ya goge, su ne za su gaya masa yadda ta buɗe. Rahma ta ce ai baƙin nan sai da ta sa lemon tsami ya fita. Na dubi Nuzha, na ga fuskarta ta mutu. Ni kuwa na zauna a kan turmi. Na ce shi ke nan, da bakina na kai yarinyar nan Torino.

Sai na ga ta ƙura wa alfadarin ido. Ta taka a hankali ta kama abin da aka ɗaure masa sirdi da shi. Wata faffaɗar igiya ce mai kauri, da ƙarfe a bakinta da lamba a jiki. A wuyansa kuma ga wani zobe mai yadi an mayar da shi abin wuya. Ta ce, "Baffa Buzakri, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Ƙyalle aka ce an ara. Ba wanda ya ambaci igiya."

Mai binciken ya durƙusa a gefen dabbar nan kamar ya ga ɗan'uwansa. Igiyar ita ce ke riƙe jirgin, zoben kuma shi ne ke hana laimar buɗewa gaba ɗaya a lokaci guda don kada ta fashe. Ba wanda ya wanke su, don Buzakri ko rigarsa ba ya wankewa. Sauran igiyoyin suna rijiyarsa. Aka je aka kwanto. Yaron ya yi ta aunawa yana ɗaukar hoto har la'asar, alfadarin yana cin aljihunsa.

Jiya takardar ta iso, ga ta nan Zuhra ta haɗa maka, da hatimi biyu. Na sa Nuzha ta karanta mini, sannan na bi da yatsa na karanta da kaina. Bututun mai ne ya tsage, injin ba zai tashi ba ko wa ke tuƙi. Na'urar jirgin ta nuna ta ja a kan lokaci, laimar ta buɗe yadda aka yi ta. Ka duba shafi na uku, inda suka ce da ta nufi titin da wuya ta kai. Da yaron zai tafi ranar ya ce mini a bakin mota, "Hajj, akasarin waɗanda muke tsinta a irin wannan, laimarsu tana naɗe lafiya lau a bayansu. Sun tsaya ceton jirgi ne." An mayar mata da lasinta. Ta saka shi a aljihun tebur ta rufe.

Yanzu saura kai. Ni ubanka ne, in na ce ka yarda za ka yarda, ka taho da ciwon a ranka. Ba zan ce ba. Ita ma ba irin wannan yardar take so ba. Abin da na sani kawai, ina zaune kusa da ita lokacin da farfela ta tsaya, na kuma ga hannunta. Bai yi rawa ba sai bayan da ta kwance mini bel ta fitar da ni.

Mi Hadda tana gaishe ka. Ta ce a gaya maka bishiya huɗu ce, kuma dashe take so, ba ban haƙuri ba.

Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyarka.
Mahaifinka, Ma'ati

*

Torino, 14 ga Disamba

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina sumbatar hannunka.

Na karanta takardar sau uku. Gaskiya ita ce ban so ta fito haka ba, na so a ce ta yi kuskure don in samu hujjar ɗauke ta. Allah ya yafe mini.

Zan zo ƙarshen wata kamar yadda na ce, ni kaɗai zan koma. Ka ce wa Nuzha na yarda, da zuciya ɗaya, Allah ya yi mata albarka a ƙasa da sama.

Roƙo ɗaya nake yi. Kada kowa ya gaya mini ranar da za ta tashi. Ta kira ni in ta sauka.

Ɗanka, Sharki